Kifi, Kunkuru da Kwaɗo a Tafki Ɗaya: Abin da Na Gani a Ohayo

Salamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya mutanen gida da su Hajiya, ya zafin Kano. Maganar da ka yi ta haƙa ɗan tafki a bayan gida ka zuba kifi da kunkuru saboda yara, gara in rubuto maka a tsanake, tunda aikin da nake yi kenan a nan jihar Ohayo ta Amurka, kamfanin da nake wa aiki gyaran lambu da tafkunan gidajen mutane yake yi.

A nan ba a cika yin tafkin siminti irin namu ba. Rami ake haƙawa, a shimfiɗa wata baƙar roba mai kauri wadda ruwa ba ya ratsa ta, a jera duwatsu a gefe, shikenan. Robar, da famfon da ke juya ruwa, da matatar da ke kama kashin kifi, har da wata fitila da ake sa wa a cikin bututu tana kashe gansakukar da ke mai da ruwa kore, duk a shago ɗaya za ka saya, kuma a jikin kowane kwali an rubuta yawan ruwan da zai iya ɗauka. Abin da ya fi burge ni ba kayan ba ne, hidimar ce. Ka ɗebo ruwan tafkinka a kwalba ka kai manyan shagunan dabbobi irin su PetSmart, za su auna maka kyauta su ce ga abin da ya yi yawa, in kuma kifin da ka saya ya mutu cikin 'yan kwanaki ka mayar da shi da rasit su ba ka wani ko kuɗinka. A gida fa in mutum ya sayi 'ya'yan tarwaɗa ya wayi gari rabi sun taso sama, sai dai ya ce ƙaddara ce, ba don mai sayarwa mugu ba ne, don babu wanda ya auna ruwan tun farko.

Amma wallahi akwai abin da ke ba ni tausayinsu. Kainuwar nan da ke rufe kududdufan Kano har mutane na ƙorafi, a wasu jihohin Amurka guda-guda ake sayar da ita da dala, kuma sanyi na shigowa ta mutu sai baɗi a sake saye. Bado ma a tukunya ake sayar da shi. Kifin da suka fi so shi ne koyi, ɗan Japan, mai ja da fari, ƙanana ba tsada amma manya masu kyan zane sukan kai dubban daloli, kuma ba cin sa ake ba, kallo kawai.

To batun haɗa su ukun. Kwaɗo ba sai ka saya ba, da kansa zai zo, nan da can duk ɗaya ne. Ƙananan ba su da matsala, suna ma rage ƙwari, sai dai kifi na cinye ƙwansu da 'ya'yansu. Babban kwaɗonsu kuwa, mai kama da burduddugi, duk abin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake, har ƙaramin kifi. Kunkuru shi ne mai wahalar. Akwai gidan wata dattijuwa da muke zuwa, tana da irin mai jan zane a gefen kunne, kullum yana kan wani kututture ya miƙe ƙafafun baya yana shan hantsi, da ka matso sai ya sulale cikin ruwa, kyakkyawa da shi, amma da muka sa koma muka ɗago kifayenta duk jelarsu a yayyage take, badonta kuma ya cinye ganyen sai kara. Ga ƙazanta, kunkuru ɗaya yana ɓata ruwa fiye da kifi da yawa, dole muka sa mata matata mafi girma, muka jera mata tukwane da duwatsu a ƙasa inda kifi zai ɓuya. Zaman yana yiwuwa in tafkin na da faɗi, kifin manya ne, kunkurun kuma a ƙoshe yake, amma wanda ya ce maka ba za ka taɓa rasa kifi ba bai faɗa maka gaskiya ba.

Doka ma tana da ƙarfi a kansa. Tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da bayansa bai kai inci 4 ba, saboda ƙwayar cutar salmonela da ke jikinsu, yara kan taɓa su su sa hannu a baki, sai gudawa da zazzaɓi. Wannan ka riƙe shi da kyau Yaya tunda saboda yara kake son yi, duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu, ƙananan da ba su kai shekara 5 ba kuma kar su taɓa. Ka kuma kewaye tafkin da waya, yaro mai rarrafe ruwa kaɗan ya ishe shi halaka, Allah ya kiyaye. Sannan kunkurun da aka fi ajiyewa a gidajenmu na tudu ne, bai iya iyo ba, ka jefa shi ruwa mai zurfi nutsewa zai yi. Na ruwa daban yake, ƙafarsa a shimfiɗe. Kififiya kuwa kar ma ka fara, mai cin nama ce kuma tana cizo.

Inda kuka fi su shi ne yanayi. A nan ruwa ƙanƙara yake zama, da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 na Salsiyas ake daina ba kifi abinci, a sa wata 'yar hita ta bar rami a saman ƙanƙarar don iska ta shiga, kunkuru ya kwanta a ƙasan ruwa watanni. Ku babu wannan. Inda suka fi ku kuma wuta ce, famfonsu dare da rana ba ya tsayawa, duk tsarin a kanta aka gina shi, shi ya sa ba zan turo maka irin famfonsu ba, ga shi ma wutarsu bolt 120 ce tamu kuwa 230, ƙonewa zai yi. Ka nemi ƙaramin famfo mai aiki da sola a nan Kano, ka rage yawan kifin, ka yi masa rumfa saboda ranar Afrilu, ka riƙa canza wani ɓangare na ruwan kana ban ruwan shuka da shi. In ruwan famfo ne akwai kilorin, a bari ya kwana biyu a buɗe kafin a zuba, na burtsatse ya fi sauƙi.

Kifin kuma ka sa karfasa, kar ka sa tarwaɗa, don in ta girma ba za ta bar maka kwaɗo ko ƙaramin kifi ba. Ka fara da kifin kaɗai har damina ta wuce ka ga yadda ruwan ke zama, kafin ka kawo kunkuru ƙwaya ɗaya. Kwalin awon ruwa ba shi da nauyi, zan ba wanda zai taho gida ya kawo maka, ka turo min faɗin filin da zurfin da kake so in lissafa maka girman famfon.