Tiren gashin da ya banƙare mini da dankali a ranar biki

Na sayi wannan tiren gashi ne domin aiki ɗaya, wato gasa dankalin Hausa a tanderu a matsayin mahaɗin nama a ranakun biki, lokacin da gida kan cika da baƙi kuma kowane murhu yana da abin da ke kansa. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne rubutun da ke jikin kwalinsa, inda aka yi alkawari biyu: cewa abinci ba ya manne masa, da kuma cewa ba ya lanƙwashewa ko da zafin tanderu ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyos. Alkawarin farko ya cika na ɗan lokaci, na biyun kuwa ya karye a ranar da na fi buƙatarsa, kuma a gaban mutanen da na fi jin nauyinsu.

Ba zan ɓoye ba, da farko na yi murna da shi ƙwarai. Tire ne baƙi mai faɗi, tsawonsa kusan santimita 46, faɗinsa kusan 33, bakinsa kuma gajere ne, wanda shi ne abin da gashin dankali yake so. Dankalin Hausa yana da ruwa da yawa a jikinsa, don haka idan aka zuba shi a mazubi mai zurfi, ko aka cunkusa shi wani kan wani, tururin da yake fitarwa ba ya samun hanyar fita, sai ya turara kansa ya yi laushi ba tare da ya yi ja ba. A wannan tire kuwa kowane yanki yana samun wurin zamansa, iska mai zafi tana ratsa tsakaninsu. Ban fafe gora ranar tafiya ba, domin tun kafin bikin na gwada shi. Na feraye dankalin, na yanka shi daidai wa daida kamar santimita 3, na cakuɗa shi da man zaitun da gishiri da masoro da ɗan garin kirfa, na gasa shi a digiri 200 na kimanin minti 40, na juya shi sau ɗaya a tsakiya. Ya fito yadda nake so, gefensa ya yi ja ya ɗan bushe, cikinsa kuma luguf, kuma ko yanki ɗaya bai kama tiren ba.

Akwai wata dabara da nake bi a ranakun da ba na gaggawa, kuma dole in ambace ta domin ita ce ta rufa wa tiren asiri a gwaje-gwajen farko. Ina saka dankalin tun tanderu bai yi zafi ba, su ɗumama tare. Dalili kuwa shi ne, a cikin dankalin Hausa akwai wani sinadari da ke mayar da sitaci ya zama sukarin da ake kira maltos, kuma yana aikinsa ne lokacin da zafin cikin dankalin yake tsakanin digiri 57 da 77 ko kusa da haka. Da zarar zafi ya wuce nan sinadarin ya daina aiki, saboda haka gwargwadon daɗewar dankali a wannan tsakani, gwargwadon zaƙinsa. Shi ya sa ban taɓa kula da girkin da aka buga a bayan kwalin ba, wanda ya ce a barbaɗa sukari a kuma kwarara zuma, domin a ganina dankalin da aka gasa a hankali ba ya buƙatar aron zaƙi daga ko'ina. Abin da ban sani ba shi ne, wannan ɗumamar a hankali tana yi wa ƙarfen tiren daɗi kamar yadda take yi wa dankalin, don haka aibinsa bai bayyana ba.

A ranar biki babu wannan sararin, kuma duk wanda ya taɓa ciyar da jama'a ya san haka. Nama ne ya fara shiga tanderu, ya daɗe a ciki, kuma lokacin da na fitar da shi domin ya huta kafin a yanka, sai na ƙara wutar zuwa digiri 220 don dankalin ya gasu da sauri ya riski naman da zafinsa. Wannan zafi bai kai iyakar da kwalin ya ambata ba, kuma shi ne zafin da aka saba gasa kayan lambu da shi. Na shimfiɗa dankalin a tiren, na tura shi ciki, na rufe, na juya ga sauran aiki. Ba a yi minti biyar ba sai muka ji wata ƙara daga cikin tanderun kamar an buga murfin tukunya da ƙasa, har yaran da ke wasa a ƙofar kicin suka watse. Da na leƙa ta gilashin ƙofar sai na ga tiren ya murɗe, kusurwa biyu masu kallon juna sun ɗaga sama, sauran biyun sun yi ƙasa, ya tashi daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe ya koma abin da ba shi da siffa.

Da a ce karkacewar ta tsaya a nan, da ba zan rubuta wannan sharhi ba. Amma shafe mai santsi da aka yi wa tiren don kada abinci ya manne masa, wanda na yaba a baya, shi ne ya ƙarasa ɓarnar, domin man ya gangara gaba ɗaya zuwa kusurwar da ta yi ƙasa, dankalin kuma ya sulale ya bi shi ya taru a can tsibi guda. Waɗanda suka taru sun jiƙe da mai suna turara juna, waɗanda suka rage a tudu kuma sun zauna a busasshen baƙin ƙarfe ba mai a ƙarƙashinsu. Dankalin Hausa, saboda sukarin da ke cikinsa, ba ya jira kamar dankalin Turawa. Tsakanin ya yi ja da ya ƙone tazara ce ƙarama. Na buɗe tanderun na baje su da cokalin katako, amma da na rufe sai su sake gangarawa, kuma kowace buɗewa tana zubar da zafin da nake buƙata. Daga baya man ya tsallake gajeren bakin tiren ya ɗiga a ƙasan tanderu, hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika gidan har falo.

A nan ne surukata ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "'Yata, lafiya dai? Na ji ƙauri ne." Na ce, "Lafiya lau Mama, tire ne ya ba ni matsala, yanzu zan kawo abincin." Ta ce in bi a hankali kada in ƙone, ta koma wurin baƙi. Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma wannan kawaicin nata ya fi mini ciwo a kan faɗa, domin ni ce na yi ta ba su labarin wannan dankali tun kafin ranar, har na hana a dafa wani mahaɗin a madadinsa. Abin da na fitar daga tanderu kashi uku ne a tire ɗaya: wanda ya babbake ya yi baƙi yana ɗaci, wanda ya sha mai ya yi caɓa-caɓa ba launi, da kuma ɗan tsakiya da ya gasu yadda ya kamata. Na tsince mai kyan na zuba a ƙaramin kwano maimakon babban farantin da na tanada, kuma bai zagaya teburin ba ya ƙare. Naman kuwa ya huce yana jiran abin da bai zo ba.

Abin da ya faru ba sihiri ba ne. Ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi, kuma idan aka tura tire mai sanyi cikin tanderu mai zafi, gefensa da babu komai a kai yana riga tsakiyarsa ɗaukar zafi, domin tsakiyar tana ƙarƙashin ɗanyen dankali mai sanyi da ruwa. Wani sashe yana son ya buɗe, wani yana riƙe da shi, sai ƙarfen ya nemi mafita ta hanyar murɗewa, kuma ƙarar da muka ji ita ce wannan murɗewar a lokaci guda. Tire mai kauri yana jure wannan, haka ma wanda aka naɗe bakinsa a kan sandar ƙarfe domin ta riƙe shi. Da na juya nawa na duba da kyau sai na ga an lanƙwasa bakin ne kawai, babu komai a cikinsa, kuma idan na kama kusurwa biyu da hannuna ina iya murɗa shi ba tare da na yi wani yunƙuri ba. Wanda ya ƙera shi ya san kaurin ƙarfen da ya yi amfani da shi, don haka ban ga hujjar rubuta wancan alkawari a kwali ba.

Na koma wurin wanda ya sayar mini, kuma a nan ne na gane wayon abin, domin tiren da ya huce sai ya koma kusan yadda yake, ta yadda mai kallo zai ɗauka ƙorafin banza nake yi. Ya ɗaga shi, ya juya shi, ya ce shi bai ga komai ba, sannan ya ce ai duk tire yana yin ƙara a wuta, kuma wataƙila na zuba masa ruwan sanyi yana da zafi. Gaskiya ne ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana karkatar da shi, amma nawa a cikin tanderu ya murɗe, ruwa bai taɓa shi ba. Bai karɓa ba, bai musanya ba.

Domin in yi masa adalci, na ci gaba da amfani da shi bayan fushina ya sauka, kuma a zafin digiri 180 yana zama lafiya, musamman idan aka saka shi tun tanderu bai gama zafi ba kuma aka baje abinci ya rufe fuskarsa duka. Baƙin launinsa yana jan zafi fiye da farin tire, don haka ko a wannan matsakaicin zafi ƙasan dankalin yana yin ja mai kyau. Ba shi da nauyi, wankinsa kuma ba ya cin lokaci. Har na fara gaya wa kaina cewa tire ne na ranakun da babu gaggawa, kuma a wannan matsayi ba laifi, wataƙila ma in ba shi matsakaicin yabo.

Sai dai kusurwar nan da sukarin dankali ya ƙone a kanta ta ƙi barina in manta. Ƙanzon da ya kama wurin bai fita da ruwan ɗumi da sabulu ba sai da na jiƙa shi na dogon lokaci, kuma da ya tashi sai ya tashi da shafen tiren, ya bar tabo fari. Ban taɓa sa masa soson ƙarfe ba, ban taɓa kankare shi da wuƙa ko cokalin ƙarfe ba. Irin wannan shafe da ake kira Teflon an san yana jure zafi har wajen digiri 260 kafin ya fara lalacewa, saboda haka ko dai shafen da aka yi wa wannan tire siriri ne ƙwarai, ko kuma murɗewar ƙarfen ce ta tsattsage shi daga ƙasa. Ko ma wanne ne, tabon yana ƙara faɗi, dankali yana kamawa a wurin, kuma na fara ganin ƙananan baƙaƙen ɓarɓashi a jikin abinci, abin da ba zan iya miƙa wa baƙo ba. Yanzu sai na shimfiɗa takardar gashi kafin in zuba komai, ita kuwa tana shiga tsakanin dankali da ƙarfe ta rage jan da nake nema, ga shi yawancinta ba a so a wuce digiri 220 da ita. Wato na sayi tiren da ba ya kama abinci, na koma ina sayen takarda domin kada ya kama abinci. Ban da haka, bai ƙara zama daidai a kan tebur ba, idan aka danna kusurwa ɗaya sai ɗayar ta ɗaga, kuma mai yana taruwa a gefe guda ko a ƙaramar wuta.

Daga baya na ari tsohon tiren alminiyam na yayata, fari mai kauri wanda ba shi da wani shafe, duk jikinsa tabon shekaru ne. Na tura shi cikin tanderu mai zafin digiri 220 da irin wannan dankali, bai motsa ba, bai yi ƙara ba. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin yaɗa zafi a duk jikinsa, shi ya sa babu sashen da ke riga wani sosai, kuma ko da yake dankalin ya ɗan fi daɗewa kafin ya yi ja, ya yi shi bai ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Yana ɗan kamawa idan aka yi saurin juya shi, amma idan aka bar shi minti 20 na farko ba a taɓa ba, da kansa yake sakin tiren.

Wanda gashinsa bai wuce biskit da ƙananan abubuwa a matsakaiciyar wuta ba zai iya zama da wannan tire na ɗan lokaci. Wanda kuwa yake son ya gasa dankali ga jama'a a tanderun da ya riga ya yi zafi, ya ɗauki tiren a hannu kafin ya biya, ya ji nauyinsa, ya gwada murɗa shi, ya leƙa ƙarƙashin bakinsa ya ga ko akwai sandar ƙarfe a ciki, kuma idan dankalin yana da yawa ya raba shi a tire biyu. Ni dai ba zan sake sayensa ba. Na kunna tanderu na ɗauki hotonsa a murɗe ta gilashin ƙofa, na haɗa da hoton tabon da na rubutun kwalin na aika wa mai sayarwar, kuma har yanzu bai ba ni amsa ba.