Jakar kyamarar da na yi wata tara ina goyo

Shekara shida na yi ina rataye da jakar kafaɗa, irin mai maratayi ɗaya da ake saƙalawa ta wuya. Matata ce ta fara lura da ɓarnar da ta yi mini. Wata Asabar na dawo daga wurin dina wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, ina tsaye ina cire hula, ta dube ni ta ce, "Maigida, wai me ya sa kake tsayuwa a karkace kamar ginin da damina ta ci?" Na yi dariya, amma da na tsaya gaban madubi sai na ga gaskiya ce, kafaɗar dama ta ɗan sauka. Kullum da asuba kuma wuyana a ƙage yake tashi, sallama ma sai na juya da jiki gaba ɗaya.

Wanda bai taɓa ɗaukar kayan hoto ba yana ganin kamar abin wasa ne. Kyamarata Canon 5D Mark III ce, ita kaɗai da batirinta giram 950 ce. Dogon lensina (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) na 70-200 ya kusa kilo ɗaya da rabi, na 24-70 ya ɗan haura giram 800, sai ɗan ƙaramin 50 wanda shi kam ba ya da nauyin komai. Ƙara filashi, batira huɗu, caja, katunan memori, kwamfutar cinya da gorar ruwa. Ranar da na haɗa su duka a jakar goyon da na saya daga baya, na roƙi mai sayar da gas na bakin layinmu ya ɗora mini a sikelinsa. Kilo takwas da ɗoriya. Wato shekara shida ina saƙale da kusan wannan nauyin a gefe ɗaya, daga kamu zuwa ɗaurin aure zuwa yini.

Jakar da nake magana a kai ta goyo ce, baƙa, ta hannu ce amma ba ta sha jiki ba. A wani shago na same ta a Sabon Gari, kuma kuɗin aikin biki biyu ta lashe. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba talla aka ba ni ba, kuma irin ƙirarta kamfanoni da yawa suna yi. Abin da ya bambanta ta da jakar 'yan makaranta uku ne: tana da faffaɗan bel mai soso da ake ɗaurawa a ƙugu, babban zif ɗinta ta gefen da ke manne da gadon baya yake, sannan akwai 'yar ƙofa a gefe da za ka zaro kyamara ba tare da ka sauke ta ba.

Kafin in biya, na yi abin da maigidana da ya koya mini hoto ya daɗe yana faɗa mini ban ji ba. Na je shagon da kayana duka, na zuba su a ciki, na goya, na ce wa mai shagon zan zaga in dawo, ga wayata jingina. Ya ce, "Haba Oga, jaka ce fa, ba mota ba." Na ce ai ita motar ce take ɗaukar mutum, wannan ni zan ɗauke ta. Jakar da babu komai a ciki kowacce daɗi gare ta. Biyu da na gwada kafin ita sun fi ta kyan gani, amma minti goma da kaya a ciki maratayan suka fara cin naman kafaɗata.

Bel ɗin ƙugun nan shi ne jakar gaba ɗaya, kuma sai da na yi mako biyu kafin in iya ɗaura shi daidai. Da farko a kan ciki nake tamke shi kamar mai jin yunwa, sai in ji numfashina yana sarƙewa, nauyin kuma yana nan a kafaɗa. Ashe wurin zamansa kan ƙashin ƙugu ne, waɗannan ƙasusuwa biyu da mutum yake dafawa idan ya riƙe ƙugu. Sai ka sassauta maratayan kafaɗa tukuna, ka ɗan sunkuya, ka ɗaure bel ɗin ya zauna daram a kan ƙashin, sannan ka ja na kafaɗa kaɗan don jakar ta manne da bayanka. Idan ka yi daidai za ka iya zura yatsa a ƙarƙashin maratayin kafaɗa, domin yawancin nauyin ya koma ƙugu da ƙafafu. Akwai kuma wata 'yar igiya ta ƙirji da ke hana maratayan zamewa gefe. Shirya kayan ma da nasa ilimin. Dogon lensi da kwamfuta su ne za su kasance kusa da baya, ƙananan tarkace a waje. Da na juya tsarin sau ɗaya don gaggawa, sai na ji jakar tana ja na baya kamar yaro ya kama mini riga.

Gwajin da ya gamsar da ni a Dutsen Dala ne. Na hau da hantsi don ɗaukar birni daga sama, na sauko na taka har Kasuwar Kurmi, daga nan na ƙarasa marinar Ƙofar Mata a ƙasa. Cinyoyina sun gaya mini, amma da na kwanta da daddare ban nemi man zafi ba. Da tsohuwar jaka, rabin wannan tafiyar ya isa ya kwantar da ni kwana biyu.

Zif ɗin baya kuwa maganin 'yan sane ne. A cunkoson wani ɗaurin aure bayan Juma'a na ji ana taɓa jakar, na waiga na ga wani matashi yana kallon sama kamar mai neman wata. Aljihun waje ya buɗe, abin da ya samu a ciki biskit ne da tsumman goge lensi. Babban zif ɗin kuwa sai ka cire jakar daga bayana kafin ka kai gare shi. Wata fa'idar kuma sai a hunturu na gane ta: idan za ka buɗe, fuskar jakar ce take kwanciya a ƙasa, gefen da zai taɓa rigarka yana sama, don haka ba ka kwasar jar ƙasa ka shafa wa shaddarka.

To amma jakar goyo a Kano tana da haraji, kuma zufa ce harajin. Sosan bayan yana da raga da wata kwarya a tsakiya wai don iska ta ratsa. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai san Afrilun Kano ba, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Na je wani kamu da sabuwar farar shadda wadda ta sha bugu, da na sauke jakar sai ga taswira a bayana, bel ɗin kuma ya tattare rigar ta zama kamar an ɗaure bakin buhu. Wata gwaggon amarya ta ce, "Mai hoto, ruwa aka watsa maka ne?" Tun daga ranar nake zuwa da 'yar shara a jikina, kaftanin a ninke cikin leda, sai na isa in canza. Da babbar riga kuwa kar ma ka gwada.

A adaidaita sahu ma sai an yi haƙuri da juna. Tunda aka hana acaɓa a 2013 ita ce abin hawanmu, kuma ba a zama a cikinta da goyo. Dole ka sauke ka ɗora a cinya, igiyoyin bel suna reto a kan ƙafar maƙwabcinka. Idan kayan sun cika nakan biya kuɗin mutum biyu in huta da harara.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sauri. 'Yar ƙofar gefen tana fito da kyamara da lensin da ke jikinta lafiya lau, amma idan kana son canza lensi dole ka sauke jakar, ka nemi wuri, ka buɗe. Jakar kafaɗa tana gefenka, hannu kawai za ka zura. A wurin ɗaurin aure, tsakanin a ce an ɗaura da a shafa fatiha a fara musabaha da ango, ba ka da minti ɗaya. Sau ɗaya na rasa hoton waliyyi yana karɓar sadaki ina durƙushe ina fama da zif. Sannan 'yan katangun soso na ciki da abin mannewa ake kafa su, irin na takalmin yara, wanda idan ka ɓalle yake yin ɓarrr. Na taɓa ɓalle ɗaya a cikin masallaci ana tsaka da addu'a, sahu biyu suka waigo. Yanzu a gida nake gama shirina.

Ruwan sama bai ba ni matsala ba. Akwai rigar ruwa a wani aljihu a ƙasan jakar, kuma ta yi aikinta ranar da ruwan Agusta ya tare ni a Titin Gidan Zoo. Sai dai kada ka mayar da ita a jiƙe, ka shanya tukuna, domin damshi a rufaffiyar jaka shi ne yake sa funfuna ta tsiro a cikin gilashin lensi. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi nake tarawa in watsa a ciki duk damina.

A wata na bakwai zif ɗin gefe ya fara cijewa. Na ɗauka ya mutu, na kai wa wani dattijon baduku a Kurmi. Ya jujjuya, ya hura, ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya karkaɗe, wata ƙura ta tashi kamar an buga tabarma. Sai ya goga guntun kyandir a haƙoran zif ɗin, ya ja sau uku, ya miƙo mini. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce, "Ɗana, ai ban yi ɗinki ba, hunturu na fitar maka." Ya kuma matsa ɗinkin gindin maratayan da babban yatsa, ya ce wannan mai ƙarfi ne, nan ne ya kamata in riƙa dubawa a kowace jaka, tunda nan take fara yagewa.

Wanda aikinsa yawo ne, kasuwa, ƙauye, ganuwa, ko yini guda a tsaye da kaya sama da kilo biyar, irin wannan jakar ta cancanci kuɗinta, muddin bel ɗin faffaɗa ne mai tauri ba siririyar igiya ba, kuma tsayin jakar ya yi daidai da tsayin bayansa. Wani abokin aikina gajere ya ara tawa yini ɗaya ya dawo da ita yana mita, don bel ɗin a ƙasan ƙugunsa yake sauka. Wanda kuma kyamara ɗaya da lensi ɗaya gare shi, ya riƙe kuɗinsa ya ƙara batir.

Tsohuwar jakar kafaɗar ban yar da ita ba. Ranar ɗaurin aure nakan naɗe ta a saman ta goyon, idan na isa in zuba lensi biyu da filashi a cikinta, babbar kuma in bar wa yarona ya zauna da ita a inuwa har a watse.