Waƙoƙin Uwa Maryamu huɗu na addu'ar dare: wane littafi da wane kari ya dace da ƙaramin taro?

Mu gida biyar ne, Katolika 'yan Najeriya masu jin Hausa, da yaƙin da ya ɓarke a Kartum a Afrilun 2023 ya koro mu Bur Sudan. A coci da Larabci ake yin Misa, amma da dare muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu jira maƙwabta su idar da sallar isha'i, sannan mu yi addu'ar dare da harshenmu. Zabura ba ta taɓa ba mu wahala ba. Inda muke cijewa kullum shi ne waƙar Uwa Maryamu da ake rufewa da ita. Na gwada hanyoyi da dama kafin mu samu wadda ta zauna, ga kuma abin da zan faɗa wa duk wanda ke shirin kashe kuɗinsa.

Waƙoƙin huɗu ne, kowace da lokacinta. Alma Redemptoris Mater tana farawa daga lokacin jiran zuwan Almasihu har 2 ga Fabrairu, ranar miƙa Yesu a Haikali. Ave Regina Caelorum ta karɓa daga nan har Larabar Mako Mai Tsarki. Regina Caeli ta kwana 50 na Ista ce. Salve Regina kuwa, wadda muka sani da "A gaishe ki Sarauniya", ita ke ɗaukar sauran shekara, kusan wata shida. A tsarin addu'ar sa'o'i, wato addu'o'in Ikilisiya na lokutan yini da dare, da aka sabunta a 1971, Regina Caeli kaɗai ce tilas a lokacinta, sauran an bar wa mutum zaɓi. Duk da haka ina goyon bayan a bi tsohon tsarin, domin yaranmu da ke tasowa nesa da gida da kunne suke gane shekarar Ikilisiya ta juya.

Kowace waƙa tana da kari biyu na Latin, mai sauƙi da na manyan bukukuwa. Na bukukuwan yana da daɗi ƙwarai, ba na musu. Sai dai a Alma, gaɓar farko kaɗai ana jan ta ne tana hawa tana sauka kafin a kai ga ta biyu, kuma wannan aikin sufayen coci ne da ke rerawa tare kowace rana. Mun gwada shi mako biyu, wata mama a cikinmu ta ce mini, "Ɗana, numfashina ba ya kai wa can." Gaskiyarta. A kari mai sauƙi kusan kowace gaɓa da sautinta ɗaya, mutum ya ji sau biyar ya kama. Hattara ɗaya: Alma da Salve suna hawa sama sosai tun a layin farko, don haka mai ɗaukowa ya fara daga ƙasa, in ba haka ba maza za su yi shiru a bar mata su kaɗai.

Sai maganar littafi, inda kuɗi ke salwanta. Wanda kowa ke ambata shi ne Liber Usualis na sufayen Solesmes a Faransa. Komai yana ciki, kari mai sauƙi da na bukukuwa, amma shafinsa ya kusa 2,000, tsarinsa na kafin Majalisar Fatikan ta Biyu ne, babban taron bishof-bishof da ya sabunta tsarin ibada, kuma abin da kake nema bai wuce 'yan shafuka ba. Ga tsada, ga wahalar samun mai ɗauko maka shi daga waje a wannan hali da ake ciki. Idan kai malamin mawaƙa ne, ka neme shi. Idan addu'ar gida ce, ba sai ka sayi saniya don ƙwaryar nono ɗaya ba.

Akwai ɗan ƙaramin littafin Jubilate Deo da Fafaroma Bulus na 6 ya aika wa bishof-bishof a 1974. Yana da Salve Regina da Regina Caeli, wato ya rufe maka fiye da rabin shekara, amma daga Disamba zuwa Ista zai bar ka hannu wofi. Wanda ya fi yi mana amfani shi ne The Parish Book of Chant da aka fara bugawa a Amurka a 2008. Duka huɗun suna ciki da fassarar Turanci, kuma ana sauke shi kyauta a intanet. Mun kai shagon masu kwamfuta aka buga mana shafukan da muke so da manyan baƙaƙe, aka lulluɓe su da leda saboda gumi da laimar bakin teku. Kada rubutun karin waƙar ya tsorata ka. Layi huɗu ne da ɗigo masu kusurwa huɗu, idan ɗigo ya hau murya ta hau, idan ya sauka ta sauka.

Takarda ita kaɗai ba ta koyar da waƙa, sai an haɗa da kunne. Ka sauke sautin kowace ɗaya a waya ranar da sabis ke da ƙarfi, kada ka dogara da buɗe YouTube da dare, wuta da sabis ba su da alkawari. Ka zaɓi wanda mutum ɗaya ko ƙaramin rukuni suka rera ba kiɗa. Wanda aka ɗauka a babbar majami'a, amsa-kuwwa tana haɗiye kalmomin. Molo ko ƙaramin fiyano na lantarki ba dole ba ne, waɗannan waƙoƙi don murya zalla aka tsara su.

Abin da ya fi cin mini rai shi ne rera su da Hausa. Zuciya tana so, domin mutum ya fi jin addu'a da harshen da aka yi masa reno da shi. Amma Hausa tana da nata hawa da sauka, tana da doguwar gaɓa da gajera, kuma ma'ana a kansu take. Na taɓa ɗora fassarar Hausa a kan karin Salve na Latin, sai ga kalmomi sun karkace, inda ya kamata murya ta sauka ta hau, har yara suna tambaya me aka ce. Aron karin wata waƙar coci da aka saba da ita ya fi wannan dama, muddin tsawon layukan ya yi daidai, amma yakan sa a yanke addu'ar ko a yi mata ƙari don ta shiga. Idan za a yi haka a coci, a fara nuna wa Fada, limamin cocin, tunda taron bishof-bishof ne ke da ikon amincewa da wasu waƙoƙin ban da na littafi. Mu dai abin da muka tsaya a kai shi ne mu karanta Hausar tare a kan sauti ɗaya, a hankali, murya ta ɗan sauka a ƙarshen kowane layi, sannan mu rera Latin. Duka biyun ba su cin minti huɗu.

Daren da 'yan'uwanmu masu Larabci suka zo, mukan ƙara Sub tuum praesidium, wato "Muna neman mafaka a ƙarƙashin kariyarki". An sami tsohon rubutunta da Girkanci a Masar, maƙwabciyarmu, kuma Kibɗawa, Kiristocin Masar, suna yin ta har yau. Ga mutanen da suka baro gidajensu da jaka ɗaya, ba sai an yi wa kowa bayaninta ba.

Kada a ɗauko huɗun a lokaci guda. A fara koyon kowace mako biyu kafin lokacinta ya shigo, layi biyu kowane dare bayan an tashi daga addu'a. Idan sabon taro ne, a fara da Regina Caeli ko da a matsayin gwaji ne da rana: layi huɗu ce, kowane yana ƙarewa da Alleluya, muryarta ba ta yin nisa, ƙaramar 'yata ma a kwana uku ta haddace ta.