Hattara da mai sayar da bod ɗin injin sassaƙa a WhatsApp

Dubu 85. Naira dubu 85 cif muka tura wa mutumin nan kan bod ɗin USB na injin sassaƙa katako, mai aiki da manhajar Mach3. Cewa ya yi, "Maigida, wallahi sabo ne fil a leda, in ya ba da matsala ku dawo mani da shi." Wallahin nan ita ta ci mu. Kuma kada wani ya ce sakaci ne, sai da muka nemi bidiyo, ya turo bod yana juya moto. Ashe ba shi ya sako a mota ba.

Ana soka shi kwamfuta ta ƙi tashi. Fanka na juyawa, rubutu ya fito cewa wuta ta yi yawa a USB, za ta kashe kanta cikin daƙiƙa 15. USB 5V yake bayarwa, ɓangaren inji kuwa 24V ne, shi ya sa ake sa ƙananan IC masu ƙafa huɗu, irin su PC817, su raba tsakanin 5V da 24V ɗin. Da muka kwance bod ɗin a shago, nan Ƙofar Ƙaura, gurbin biyu daga cikin IC ɗin babu komai, an ɗinke shi da siririyar waya da dalma, har ƙonewar na wari. 24V ta bi kebur ta afka wa madabod. Dubu 85!

Tun kafin nan ma, ranar da kayan suka iso tasha, ya ce kada mu buɗe murfin, wai garanti zai lalace. A nan ya kamata mu farga. Da muka kira shi bayan kwamfuta ta ƙi tashi, sai ya ce direba ce babu, wato manhajar da Windows ke gane bod da ita, a ƙara dubu 20 ya turo. Wace direba? Kwamfutar da ko Windows ba ta kai ba, a ina za ta karanta direba? Yanzu ya toshe lambarmu. Hotunan hirar da rasit suna nan, zan ɗora su.

Wanda ya riga ya soka: zare bod ɗin, zare wayar wuta, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30. In ta ƙi, cire ƙaramin batirin CR2032 na kan madabod minti 5, ka cire igiyar USB ta gaban akwati daga madabod. Sa mitar auna wuta, a saitin da take ƙara in waya ta haɗe, tsakanin ƙafa ta 1 da ta 4 a ramin USB na kwamfutar, wuta a kashe. In ta yi ƙara ba tsayawa, ramin ya haɗe. In kuwa kwamfutar a tambarin kamfani kawai take maƙalewa, da sauƙi: shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun tana tashi, F10 a HP, F2 a Dell, ka mayar da hadis (hard disk) gaban USB a jerin abin da take tashi da shi.

Kada ka biya sai an buɗe a gabanka. Ba wa bod 24V shi kaɗai, ka auna bakin USB ɗinsa ka ga ko 24V na fitowa kafin ya taɓa kwamfuta. Dubu 85, ga madabod kuma.