Kiɗan wasan Journey: sharhina bayan na buga wasan, na kuma saurari kundin

A duk kiɗe-kiɗen wasannin bidiyo da na taɓa ji, babu wanda ya zauna mini a rai kamar na Journey. Wasan ya fito a watan Maris na 2012 a kan PlayStation 3. Kamfanin thatgamecompany na Amurka ne ya yi shi ƙarƙashin jagorancin Jenova Chen, kiɗan kuma aikin Austin Wintory ne, wanda dama ya yi musu kiɗan wasansu na baya mai suna flOw. Ni a kwamfuta na buga shi, bayan ya shigo Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, a 2020, daga baya na koma sauraron kundin kiɗan shi kaɗai a waya. Kiɗan da ke cikin wasan da wanda ke cikin kundin ba su zama abu guda a kunnena ba, shi ya sa zan yi magana a kan kowanne.

Wasan gajere ne, awa biyu ya isa mutum ya kai ƙarshensa. Kana farkawa a tsakiyar hamada cikin jar alkyabba, can nesa ga wani dutse mai haske a ƙololuwarsa, sai ka kama hanya. Ba a magana ko ɗaya, ba rubutun da ke ba ka labari, ba maki, ba wanda kake harbi. Tunda babu baki, kiɗan ne ya ɗauki nauyin gaya maka abin da ke faruwa. Da kiɗan ya gaza, da wasan gaba ɗaya ya faɗi.

Abin da Wintory ya yi shi ne ya gina komai a kan karin sauti guda ɗaya tak. Yawancin wasanni kowane gari da kiɗansa, kowane mugu da takensa. A nan kuwa kari ɗaya ne ake ta juya shi daga farko har ƙarshe, kuma kayan kiɗan da ke ɗauke da shi shi ne cello, wanda Tina Guo ta kaɗa. Ga wanda bai san shi ba, cello kamar babban goge ne mai tsirkiya huɗu, mai kaɗawa yana zaune ya jingina shi tsakanin gwiwoyinsa, muryarsa kuma tana da kauri, kusa da ta babban mutum. A kiɗan farko, Nascence, wanda bai kai minti biyu ba, za ka ji shi kusan shi kaɗai, yana ja a hankali. Wannan muryar ita ce kai, matafiyin. Sauran kayan kiɗan, sarewa mai kaurin sauti da garayar Turawa da viola (ƙaramin gogen Turawa da ake ɗorawa a kafaɗa), su ne duniyar da kake ratsawa. Da tafiya ta yi nisa sai ƙungiyar makaɗa ta gidan rediyon Masidoniya ta riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, har ta cika wurin a ƙarshe.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kiɗan ke bin abin da kake yi. A Journey, idan kana kan intanet, wasan kan haɗa ka da wani ɗan wasa daga ko'ina a duniya. Ba ka san sunansa ba sai an gama, ba ku iya rubuta wa juna komai, sai dai wata 'yar ƙara da kowannenku ke fitarwa. To da zarar wannan baƙon ya matso kusa da kai, sai garaya da viola su shigo cikin kiɗan. Idan kuka rabu, su ma su janye. Babu wanda ya sanar da kai haka. Kawai za ka ji wurin ya yi ɗumi in yana nan, ya yi fayau in ya ɓace, sai ka ga kana waiwaye kana neman mutumin da ba ka taɓa gani ba. Wannan dabara ce da fim ba zai iya ba, domin fim ya riga ya san minti nawa kowane fage zai ɗauka. Mai rubuta kiɗan wasa bai san ko za ka tsaya kallon rairayi na tsawon lokaci ko za ka ruga ba, dole ya yanka kiɗan gunduwa-gunduwa yadda zai haɗu ko ta ina ka bi, ba tare da an ji wurin ɗinki ba. A nan ban ji ɗinkin ba.

Akwai wurin da kowa ke ambata, kuma da gaskiyarsu. Matafiyin yana sulalowa daga tudun rairayi cikin wani tsohon birni da ƙasa ta binne, rana tana faɗuwa, rairayin ya koma ruwan zinariya tsakanin ginshiƙai. Kiɗan wurin, The Road of Trials, shi ne karo na farko da karin nan mai nauyi ya saki jiki ya yi gudu, sarewa tana tsalle a sama, tsirkiyoyi suna bin ta. Yana ƙarewa kuma sai ka faɗa ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, inda wasu manyan injinan yaƙi ke shawagi suna nemanka. Nan kiɗan ya kusa ɗaukewa, sai gurnani da amsa-kuwwa. Daga baya a kan dutsen ƙanƙara, inda iska ke tura ka baya, cello ɗin yana raguwa yana shaƙewa tare da ƙarfin matafiyin, har ya yi shiru. Saboda wannan shirun ne Apotheosis, kiɗan hawan ƙarshe mai kusan minti bakwai, yake da ƙarfin da yake da shi. Karin da ka fara ji shi kaɗai a hamada, yanzu makaɗa duka sun ɗauke shi. Na yi hawaye a wurin, kuma har yau in na saurare shi tsigar jikina tana tashi.

Mu da muka taso a gidajen gem, yawanci ba mu ɗauki kiɗan wasa a bakin komai ba. Ana ƙwallo ana ihu, in ma akwai kiɗa hayaniya ta danne shi. Amma ko a can, wa ya manta da taken Super Mario Bros. na 1985? Koji Kondo ya haɗa shi a na'urar da hanyoyin sauti biyar kawai take da su, ga shi a 2023 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin rijistar sautukan da ƙasar ke adanawa. Kunnenmu ya daɗe yana ɗauka, ba mu dai lura ba.

Akwai batun da na daɗe ina juyawa. Wintory ya ce ya yi ƙoƙarin cire alamar kowace al'ada daga kiɗan, don ya zama na kowa. Rabin wannan na yaba masa ƙwarai. Mun gaji da yadda wasanni da finafinan Yamma, da zarar an nuna rairayi, sai a saki wani karin Larabci na jabu, kamar duk hamadar duniya wuri ɗaya ce. Journey bai yi haka ba, kuma wannan mutunci ne. Sai dai maganar cewa kiɗan ba shi da al'ada ban yarda da ita ba. Cello da viola da babbar ƙungiyar makaɗa kayan Turai ne, tsarin sautin ma na can ne. Kunnen da ya tashi da kalangu da kukuma zai ji baƙunta a farko, domin babu ganga mai riƙe maka lokaci a yawancin kundin. Kiɗa ne na Turai wanda ya buɗe ƙofa ga kowa, kuma hakan ma ya isa abin yabo ba sai an ce ba shi da asali ba.

Kundin kansa ya fito a Afrilun 2012, kiɗa 18 ne, kusan awa guda. Yana tsayawa da ƙafarsa, amma ba duka ba. Akwai gajerun kiɗa da dama masu suna Confluence, waɗanda a wasan suke rakiyar wuraren da ake nuna maka tarihin mutanen da suka shuɗe. Babu hoton, sai su yi kama da juna, nakan tsallake wasu. Kiɗan ƙarƙashin ƙasa ma ba abin saurare ba ne kana aiki, don an yi shi ne ya takura ka. Kuma shigowar garayar nan saboda wani ya matso kusa da kai, kundi ba zai iya ba ka ita ba, tunda a can an riga an daidaita komai. Shawara ɗaya da zan nace a kai: kada a saurare shi ta lasifikar waya. Kaurin cello ɗin duk ɓacewa yake, sai a bar ka da siririn sauti. A nemi abin sa wa kunne mai kyau, ko da mai igiya ne.

Waƙa ɗaya ce mai baiti a kundin duka, ita ce ta ƙarshe, I Was Born for This, da muryar Lisbeth Scott. An tsinto baitocinta daga tsofaffin rubuce-rubuce cikin Latin da Girkanci da tsohon Turanci da Jafananci da Faransanci. Tana da daɗi, ko da yake ni na fi son a ce an bar cello ɗin ya rufe, tunda shi ya buɗe.

Kundin ne kiɗan wasan bidiyo na farko da aka sa gaba ɗayansa a takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a rukunin kiɗan finafinai da makamantansu, a bikin 2013. Bai ci ba. Kafin shi, waƙar Baba Yetu ta Christopher Tin, wadda aka rera da Suwahili don wasan Civilization IV, ta ci Grammy a 2011, amma ita waƙa ɗaya ce. Sai a 2023 aka ware wa kiɗan wasannin bidiyo rukuninsa na kansa. A Ingila kuwa Journey ya ci kyautar kiɗa ta BAFTA, ƙungiyar da ke karrama finafinai da wasannin bidiyo a Birtaniya, a 2013.

Wanda zai gwada, ya fara da wasan kafin kundin, a zama ɗaya, intanet a kunne don ya samu abokin tafiya. Bayan PlayStation da kwamfuta, yana nan a wayoyin iPhone tun 2019. Wanda kuma kiɗan ya kama shi, Wintory ya yi na ABZÛ a 2016, wasan nutso a teku, inda ya ƙara muryoyin mawaƙa da garayu masu yawa. Shi nake saurare yanzu.