Sharhi kan gwajin kotisol a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Garki, Abuja

Wurin yana yin gwaje-gwajen adrenal, wato ƙananan ƙullutai biyun nan da ke saman ƙoda masu samar da sinadaran kotisol da aldostiron. Ɗibar jini da tsafta ba laifi, sakamako kuma yana fitowa a ranar da suka faɗa. Inda suka gaza shi ne tambayoyi da bayanin da ya kamata a yi wa mutum kafin a taɓa shi da allura.

Kotisol yana hawa da asuba, ya yi ta sauka har tsakar dare, shi ya sa ake ɗibar jinin tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe. Mai tasowa daga Nyanya ko Kubwa ya yi sammako, don in cunkoso ya riƙe shi har 11, adadin zai iya fitowa ƙasa, a tayar masa da hankali a banza. Suna rubuta lokacin ɗibar jinin a jikin takarda, wannan abin a yaba ne. Sakamakonsu da ma'aunin nmol/L yake zuwa. Wanda ke da tsohuwar takarda mai µg/dL ya ninka adadin sau 27.6 kafin ya kwatanta.

Gwajin Synacthen, wato allurar da ke tunzura adrenal don a ga ko za su fitar da kotisol, sun iya shi. Ana ɗibar jini, a yi allurar mikrogiram 250, a sake ɗiba bayan minti 30 da minti 60. A da, sai kotisol ya haura nmol/L 500 ake cewa adrenal na aiki, amma sababbin na'urori suna da iyaka ƙasa da haka, don haka a duba wadda aka buga a takardar. Allurar a firiji take zama, tsakanin digiri 2 da 8, kuma da yanayin wutarmu ba rashin kunya ba ne ka tambayi inda aka ajiye ta. Jinin gwajin ACTH kuwa, wato sinadarin da ke umartar adrenal su fitar da kotisol, a kan ƙanƙara ake ɗora shi nan take, in ya jima a kan tebur sinadarin lalacewa yake yi.

Abin da ya fi damuna, fom ɗinsu bai tambayi magungunan da mutum ke amfani da su ba. Man bilicin mai clobetasol, ƙwayar ƙiba ta sha-ka-fashe mai dexamethasone, allurar sitiroyid a gwiwa, duk suna danne adrenal. Prednisolone, wanda shi ma sitiroyid ne, yakan rikita na'ura ta karanta shi a matsayin kotisol. Ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen tana ɗaga adadin, shi ya sa likita kan ce a dakatar da ita mako 6 kafin gwaji. A gwajin cutar Cushing, wato yawan kotisol fiye da kima, inda ake shan miligiram 1 na dexamethasone ƙarfe 11 na dare a ɗebi jini washegari da safe, ana son kotisol ya faɗi ƙasa da nmol/L 50. Mai shan rifampicin na tarin fuka ko carbamazepine na farfaɗiya, hantarsa kan narkar da ƙwayar da wuri, sai sakamako ya nuna cutar da babu ita. Ka rubuta duk abin da kake sha ko shafawa ka miƙa musu, ko ba su nema ba. Kada kuma wanda ya daɗe a kan sitiroyid ya yanke shi da kansa don zai yi gwaji. Yankewa farat ɗaya na iya kisa.

Takardar bayaninsu shafi ɗaya ce da Turanci, ko maganar tarin fuka ba ta yi ba, alhali yana cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar Addison, wato gazawar adrenal, a ƙasashenmu. Ba sa fassara sakamako, sai a kai wa likitan da ya ƙware a wannan fanni, a Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Wanda ake zargin yana da cutar Addison, in amai da jiri suka haɗu masa da faɗuwar awon jini, ba nan za a kawo shi ba: sashen gaggawa za a nufa, a yi masa allurar hydrocortisone miligiram 100 da ƙarin ruwa.