Shagon kayan sanyi na Zoo Road, ga yadda na gan shi

Ni dai tunda nake ban taɓa kai giya bakina ba, balle na san yadda maye yake, shi ya sa idan abokai suka ce a fita shaƙatawa da daddare to wajen kayan sanyi nake ja mu. Akwai wani ɗan shago a Zoo Road, kunun ayarsu wallahi ba magana, da dabino da kwakwa a ciki, kauri kamar fura, ba irin wanda ake tsuga wa ruwa ba. Zoɓon kuma suga ya yi yawa, citta ta yi kaɗan.

Abin da ya ban dariya, suna sayar da Eva, wannan lemon inabin mara giya, amma saboda kwalbar ta yi kama da ta barasa sai ka ga mutum ya ce a juye masa a kofi kar wani ɗan unguwarsu ya hango shi. Kuma ban ga laifinsa ba, a Kano ai suna ya fi komai tsada, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000 ga Hisbah na fasa kwalabe a bainar jama'a, ko Sabon Gari aka gan ka da dare sai an yi gulma. Wani abokina ko Maltina ba ya sha wai kamfanin da ke yin giyar Star ne ke yin ta.

Kujeru sun yi kaɗan, in aka ɗauke wuta kuma kunun ya kan huce kafin su tada janareto. Ku je bayan isha'i, kuma ku riƙe kuɗi a hannu don POS ɗinsu sai a hankali.